Kwalbar Rakiya da Ƙwaryata

Daga Faransa labarin ya iso mini, kuma wannan ne har yau ban gama haɗiyewa ba. Ina tsaye a kasuwa da hantsi, ina zaɓen cuku wurin wata mata da ke kawo shi daga Aderbissinat, sai salulata ta yi ƙara. Rakiya ce, tana kuka, da ƙyar ta iya cewa, "Azara, Gwaggo ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Gwaggo Gaisha a tsohon garin Agadas, amma sai da maganar ta ƙetare hamada da teku ta dawo kafin ta same ni. Alhasan, ɗan marigayiyar, da ya ruɗe, salular uwarsa ya ɗauka ya danna sunan da ke sama, sunan Rakiya. Nawa ba ya ciki ma. Gwaggo ba ta taɓa kirana ta waya ba, ta kan katanga take ƙwala mini kira.

Gwaggo Gaisha ita ta koya mini aikin fata, ni da Rakiya, tun muna 'yan mata. Duk wanda ya taɓa jingina da matashin fata mai ja da kore a unguwarmu, ko ya rataya jaka mai geza, to ya taɓa aikin hannunta ko na waɗanda ta koyar. Ba ta yabon mutum a gabansa. In ka kai mata jaka, sai ta juya cikinta waje kafin ta ko kalli adonta, ta ce, "Na waje kowa na gyara shi, ni na ciki nika dubawa." Na sha ganin ta warware aikin yini guda saboda zare ɗaya da ya kauce. Wata rana wani mutum ya zo daga Tabelot ɗaukar kayan aure, ta hana shi, don ta shafa jar fatar da jiƙaƙƙen tsumma ta ga rinin na zuba. Ya ce shi ya yarda a haka. Ta ce ita ba ta yarda ba, ya dawo wani mako. Guntayen fatar da muke sharewa kuwa ba a zubar da su. Da su take ɗinka gafaka ta raba wa makwabta, ba ta taɓa bari an yi mata godiya mai tsawo ba.

Zan faɗi abin da unguwa duka ta sani. Hannuna ya fi na Rakiya. Ita baki gare ta, ga Faransancin lakkol, wato makarantar boko. A shekarun da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke cika garin nan, ni ke duƙe da basilla a zaure, ita ke tsaye a ƙofa tana dariya da su. Daga baya ta riƙa kai kayanmu baje koli a Turai, har ta yi aure ta zauna can. Tun daga nan sunanta a bakin Gwaggo ya koma "ɗiyata ta Faransa". Ni kuwa na zauna Azara, Azara kawo wuƙa, Azara leƙa tukunya. Na yi kishi, ban kuma taɓa iya ɓoye shi ba. Gwaggo kan dube ni in an ambaci Rakiya ta ce, "Ga ta nan ta kumbura, ku ba ta wuri."

Abu ɗaya nake da shi wanda Rakiya ba ta da shi. Kullum da rana nakan dama wa Gwaggo fura da nono, in daka cuku da dabino in zuba, in kai mata a ƙwaryata. Takan sha ta ce gero ya yi gari ko dabino ya yi yawa, amma ba ta taɓa rage ko kurɓi ɗaya ba. Wannan ƙorafin nata ya fi mini yabon kowa daɗi.

Wata rana sai Gwaggo ta zame a dokin ƙofa ta karye a wuyan hannu. Faɗuwar ba ta yi tsananin da ya kamata ta karya ƙashi ba, shi ya sa lokotoro, wato likita, ya ce ƙasusuwanta ne suka yi rauni, kamar yadda yake samun mata da yawa in girma ya zo. Tsoro ya kama Gwaggo, ba tsoron mutuwa ba, tsoron ranar da ba za ta iya riƙe basilla ba. Rakiya na jin labari ta aiko da wata farar kwalba ta hannun wani matafiyi. Ƙwayoyi ne na ƙarin ƙarfin ƙashi, masu wani sinadari da ake kira sitronsiyom. Ta yi mata bayani ta waya cewa kada a haɗa su da nono. Abin da take nufi, a bar tazara tsakaninsu. Amma Gwaggo ta tashi ne a inda kowane magani ke zuwa da sharaɗinsa, in mai magani ya ce ban da abu kaza, to an bar shi ke nan sai an gama. Ta yanke nono, ta yanke cuku. Ranar da na shiga da ƙwaryata ta ɗaga mini hannu ta ce, "Kai ma yara. Maganin ɗiyata ba ya son hura."

Na koma gida na ajiye ƙwaryar na yi kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa. Kwalbar kuwa ta samu jaka tata, Gwaggo da kanta ta ɗinka mata da hannun da bai gama warkewa ba. Gidan biki, gidan gaisuwa, duk inda ta zauna sai ta zaro ta a gani.

Ni na fara lura da abin da ke faruwa, don ni ke wanke mata kaya. Cikinta ya lalace, tana yawan zagayawa. Abinci ya daina shiga, ciwon kai ya zama na kullum, ƙuraje suka feso mata a damtse tana susa har fata ta yi ja. Na ce, Gwaggo, tun da kika fara ƙwayoyin nan ne. Ta ce zafin gari ne. Na gaya wa Alhasan, ya yi murmushi ya ce, "Yaya Azara, ke da Rakiya sai Allah." Na gaya wa matan unguwa, suka kalli juna. Nan na gane irin ramin da na faɗa. Na daɗe ina kishi a fili, yau ga gaskiya a bakina, ba mai iya bambanta ta da kishin.

Ana cikin haka Alhasan ya kai ta Yamai awon ƙashi. Ta dawo da murna, an ce ƙashi ya ƙara kauri. A gabana ta kira Rakiya ta yi ta sa mata albarka. Amma dogon zaman mota ya bar mata wani abu. Ƙafarta ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ɗau zafi, takalmin da ta ɗinka wa kanta ya ƙi shiga. Na roƙe ta mu je likita, na yi lallashi, na yi fushi, na haɗa ta da Allah. Ta ce in bar ta ta huta.

Abin da na yi bayan nan shi ne abu mafi ɗaci da na taɓa yi. Na karɓi lambar Rakiya wurin Alhasan, ni da na yi shekaru ban neme ta ba, na kira ta. Na ce, "Rakiya, ba ta jin maganata. Taki taka ji. Ki ce mata ta aje kwalbar ga, ta tahi likita." Ta tambaye ni kamannin ƙafar. Kafin in zagayo katanga har ta kira. Na iske Gwaggo tana neman mayafinta, tana ce wa Alhasan ya nemo abin hawa, wai ɗiyarta ta ce a je likita. Abin da na yi makonni ina roƙo, kira ɗaya ya gama shi. Na gode wa Allah, na kuma ji kamar an watsa mini barkono a ido.

Lokotoro ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar. Ya juya kwalbar ya karanta, ya ce irin wannan sinadari yana iya kawo gudawa, tashin zuciya, ciwon kai da ƙuraje, kuma ana jin tsoronsa wajen daskarewar jini, musamman ga mai tansiyo, wato hawan jini, ko ciwon zuciya ko raunin ƙoda. Gwaggo tana da tansiyo tun tuni. Ya ce ko sakamakon Yamai kada a yi saurin murna da shi, domin sitronsiyom ya fi kalsiyom nauyi, in ya shiga ƙashi sai na'ura ta nuna kaurin da ya wuce na gaskiya. Da ya ji ta bar nono da cuku gaba ɗaya, ya riƙe baki, ya ce ai su ƙashin ke nema. Ya hana ta ƙwayoyin, ya ɗora ta a kan maganin tsinka jini, ya ce wani abu makamancin wannan kada ta sake sha sai an tambayi likita.

Ƙwaryata ta koma bakin aikinta. Wata rana tana sha, na kasa daurewa na tambaye ta me ya sa ta ji maganar Rakiya ta ƙi tawa. Ta sauke ƙwaryar ta dube ni ta ce, "Rakiya in na ƙi maganarta, mi ya rage tsakaninmu? Kwalba ce da waya. Ke kau ko na kore ki, gobe kina nan." Ta ƙara kurɓa ta ce dabino ya yi yawa. Ban san ko yabo ne ba. Na dai riƙe shi, don shi ne mafi kusa da yabo da na samu a wurinta.

Ta ƙara watanni, har ta koma riƙe basilla kaɗan-kaɗan. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, Alhasan ya ce numfashi ne ya sarƙe ta tana zaune a kan tabarmar aiki. Ni ina kasuwa ina zaɓa mata cuku.

Rakiya ba ta samu jana'iza ba, sai kafin sadakar arba'in ta iso. Mata suka yi ta rungumar ta suna cewa ɗiyar Gwaggo ta zo, ni ina bakin murhu ina ji. Da mutane suka ragu ta biyo ni ta tsuguna, ta ce, "Azara, gaya mini gaskiya. Ni na kashe ta?" Allah shaida, amsar da za ta rama mini shekaruna duka tana kan harshena. Na ce mata lokotoro bai ce haka ba, ni ma ba zan ce ba. Ta aiko ne don tana son ta, kwana kuwa in ya ƙare ya ƙare. Ta yi kuka, ta ce ita tun da ta bar Agadas Gwaggo ba ta sake yi mata faɗa ba, sai sa albarka kamar baƙuwa. Ta ce takan ji ta waya ana cewa Azara kawo wuƙa, sai ta ji da ma ita ce. Na miƙa mata ƙwaryar ta sha. Ba zan ce kishina ya warke ba, amma ranar ya ɗan yi sauƙi.

Allah ya jiƙan Gwaggo Gaisha, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta. Ya duba aikinta ta ciki kamar yadda take duba namu, ya same shi da kyau, inda zare ya kauce kuma ya rufe mata da rahamarsa. Allah ya ba Alhasan da 'yan uwansa da jikoki haƙurin rashinta, ya cire wa Rakiya nauyin da take ɗauke da shi. In ya tara mu a Aljanna, ya ba Rakiya gida mai kyau mai faɗi, ba na yi mata baƙin ciki. Ni dai roƙona, katangar da ke jikin gidan Gwaggo ya bar mini ita. Amin.