Gadar da ta zama gado

Jiya jikata Rakiya ta miƙo mini wata takarda. Da ɗan karatuna na makarantar yamma na bi ta, har wata kalmar Faransanci ta tsayar da ni.

"Amarya, mene ne patrimoine?"

"Gado ke nan, Kaka. Tsohuwar gadar jirgin ƙasan nan taku ce aka hana masu yankan ƙarfe taɓawa."

A zamanin jam'iyya ɗaya, ina aikin reluwe, nakan tashi daga Zongon Lome in je in ƙwanƙwasa ƙusoshinta da guduma, ina sauraron wadda ta saki. Tun da jirgi ya daina binta nake tsoron a sayar da ita a kilo.

Alhamdulillah. Ban gina wa jikokina gida ba, amma ga abin da zan nuna musu. Jama'a, wa ya taɓa haye ta a cikinku?