Ranar da Faifan Inna Ya Rame

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma abin da wani faffaɗan gilashin kwamfuta ya ja mini a Garwa, wannan kam da shi za a binne ni. Yau ina iya ba da labarin ina dariya. A lokacin kuwa wallahi kaina ya kusa juyewa.

Ina da ɗan shagon hoto ne a unguwar Pumpumre. In ɗauki hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan makaranta, in gyara a kwamfuta, in kai labo, wato wurin masu injin wanke hoto, a wanke mini a takarda. Idan babu mai zuwa, sai in kunna wasan ƙwallo in yi ta bugawa har a kira sallah. Gilashin da nake aiki da shi, wanda mu a nan muke ce wa ekran, irin tsohon nan ne mai ƙatuwar ƙeya. Wata rana zafinsa da zafin Garwa suka haɗu, ya yi ƙauri, ya mutu.

Na tafi babbar kasuwa wurin wani Alhaji mai kawo kaya daga Duwala. Ya jera mini guda uku, ya shiga bayani, rabi Faransanci rabi Fillanci. Wannan ya fi sauri, na masu wasa ne. Wancan ya fi fitar da launi, na masu hoto ne. Ni kuwa mai wasa ne kuma mai hoto, sai na rasa inda zan sa kaina. Ban fahimci ko rabin abin da yake faɗa ba, amma ina ta gyaɗa kai don kada a ce mai hoto bai san kayan aikinsa ba. Daga ƙarshe na nuna wanda ya fi faɗi, don shi ya cika mini ido.

"Ɗana, kawo kwamfutar taka a saita su tare," in ji Alhaji. "Tsohuwa ce ko?"

"Haba Alhaji, ni fa aikina ke nan."

Ya ce to madalla. Yana ɗaure mini shi a kwali ya ƙara da cewa, "Wannan ba ya ƙarya. Abin da ke cikin hoto, shi zai nuna maka." Maganar nan ta mai sayar da kaya ce kawai, amma na ɗauke ta na haɗiye gaba ɗaya.

Da na haɗa shi, komai ya baje. 'Yan ƙwallona suka zama gajeru masu ƙiba, ƙwallon kanta ta koma kamar ƙwan agwagwa. Maƙwabcina tela ya leƙo ya ce, "Kai, 'yan wasan nan naka sun samu tuwo!" Na ce masa ai haka na zamani yake, shi dai ya koma kan kekensa. Kwana huɗu ina buga ƙwallo mai kama da ƙwai, ko a jikina.

A daidai lokacin ne babbar yayata, da muke kira Adda, ta tashi daga ciwo. Bayan ta haihu ta kumbura, fuska da ƙafa, har aka kwantar da ita asibiti, amma Allah Ya ba ta lafiya ta dawo gida. Mahaifiyarmu, Inna, tana can Kuseri a gidan babban wanmu, Hamma. Tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, hanyar kuma daga Marwa, garin da ke tsakaninmu, zuwa can ramuka ne da masu tare mutane da bindiga. Duk da haka ta dage sai ta zo ta ga 'yarta. Hamma ya kira ni ya ce, "Auta, likita ya hana ta doguwar tafiya. Ka ɗauki Adda da jaririyar hoto ka aiko, ta gani da idonta, ta zauna." Lokacin ba a fara aika hoto ta waya a wajenmu ba. Wato duk aikin hoton nan guda ɗaya ne: ya hana Inna hawa hanyar nan.

Na je na ɗauka. Adda ta sha kwalliya, ta zauna a kan tabarma da jaririya a cinya. A bango bayanta akwai wani faifai rataye, wanda Inna ta saƙa mata da hannunta lokacin aurenta. Ko kula da shi ban yi ba.

Ina zuwa shago na buɗe hoton. Fuskar Adda ta cika taf, kumatu sun fito, hannuwa sun yi kauri, sak yadda na gan ta a gadon asibiti. Na duba ɗan gilashin bayan kyamara, amma shi ƙarami ne, duk ya kakkarce, ba abin da zai gaya mini. Na hau babur na koma gidanta. Na same ta tana tankaɗe, na tsaya ina ƙare mata kallo.

"Lafiya kake kallona kamar ka ga baƙuwa?"

"Adda, ba kya jin nauyi a fuskarki?"

"Nauyin me? Kai dai in yunwa ce ta dawo da kai, faɗi."

Na koma shago, ga ta nan a kumbure. Na sake komawa gidanta da la'asar, ga ta lafiya lau. Sai na tuna maganar Alhaji, wannan ba ya ƙarya. Na ce to, ciwon ne ke dawowa, idona ne ya saba da ita ba ya gani. Tsoro ya kama ni sosai. Mai hankali sai ya je ya gaya wa mijinta a koma asibiti. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne, idan Inna ta ga wannan fuska, gobe tana cikin mota. Sai na kama hoton ta gefe da gefe na matse shi, na matse, har fuskar da ke gilashin ta koma ta Addar da na sani. Da safe na kai labo. Aka miƙo mini ambulan ana cewa motar arewa ta cika, na ruga ajans, wato tashar manyan motoci, na damƙa wa direba ko buɗewa ban yi ba.

Kwana biyu sai ga wayar Hamma, ko sallama babu.

"Me ya sa kuka ɓoye mana?"

Na ce, "Kumburin ya fito ne?"

"Wane kumburi? Yarinya ta ƙare, sai ƙashi da fata! Har jaririyar ma. Inna ta kwana kuka, da asuba ta shiga mota. Na riƙe ta, ta ce in na sake taɓa ta ba ta yafe ba."

Na buɗe hoton da na gyara, Adda daidai take, ba ƙiba ba rama. Na garzaya labo na ce a sake wanke shi. Da takardar ta fito na ɗaga ta na duba. Wata doguwar mata ce siririya kamar tabarya, wuya zalau, riƙe da jaririya mai dogon kai. Na hau mai labo da faɗa, na ce injinsa ya lalace, zai kashe mini uwa. Ya ce da ni a hankali, "Abin da ka kawo na wanke." Na ce ƙarya ne. Mutane suka taru, har aka riƙe ni.

Yanzu ina da Adda uku ke nan: mai kumburi, mai rama, da wadda ke gida tana tankaɗe. Wallahi a ranar da za a sa ni rantsuwa kan wacce ce ta gaskiya, ba zan iya ba. Har tunanin ko an yi wa shagona wani abu na yi. Ga shi Inna ba ta riƙe waya, babu wanda ya san inda motarsu take. Na wuni a ajans, duk motar da ta shigo sai na leƙa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma na san ko me ya same ta a hanyar nan, hannuna ne.

Ashe a Marwa suka kwana. Washegari da azahar ta sauko, ƙafafunta sun kumbura don zama, sai da muka riƙe ta mu biyu, ni da yaron mota. Na gaishe ta, ko kallona ba ta yi ba. "Kai ni wurinta," shi ke nan abin da ta ce.

Adda ta fito da gudu. Inna ta tsaya cak. Ta kama damtsenta ta matsa, ta shafa kumatunta, ta juya ta gaba da baya, sannan ta karɓi jaririyar ta fashe da kuka. Da ta natsu, ta kwance bakin zanenta ta fito da hoton, duk ya yamutse. Ta kalle shi, ta kalli Adda. Ta sake kallonsa, sai ta ɗaga kai ta kalli bango, ta daɗe.

"Auta, zo nan. Mutum ya rame, na ji, ciwo ne. Faifan nawa fa, shi wane ciwo ya yi?"

Na karɓa na duba. A bango faifai ne zagayayye kamar yadda ta saƙa shi. A hoton kuwa ya tsuke ya yi tsawo kamar gwanda. Nan take ƙwallona mai kama da ƙwai ta faɗo mini a rai, da 'yan wasan da suka samu tuwo. Gilashin ne ke baje komai. Adda ba ta sake kumbura ba, ni ne na matse lafiyayyen hoto.

Na durƙusa na faɗi komai. Adda tana dariya har da hawaye, amma Inna ba ta yi ba.

"Tsaya in gane," in ji ta. "Ka ga 'yar'uwarka a kumbure, ka yarda ciwon ne ya dawo?"

"E, Inna."

"Sai ka gyara takarda. Da ciwon gaske ne fa? Ni ina Kuseri ina murna da hoto, ita tana nan tana mutuwa."

Har yau tambayar nan tana bi na.

Da na kai wa Alhaji kwamfutar, danni uku ya yi komai ya koma daidai. Ya ce tsohuwar kwamfutar tana aiko hoto ne a awon tsohon gilashi, sabon kuma yana jan sa ya cika faɗinsa. Ya miƙo mini ita yana murmushi ya ce, "Ai aikinka ke nan." Na wuce labo na ba da haƙuri. Inna kuwa tafiyar ta kwantar da ita mako biyu, kuma har ta bar duniya, in na nuna mata hoto sai ta fara neman wani abu zagayayye a ciki kafin ta kalli fuska.

Abin da na koya shi ne, kafin in ce abu ya karkace, in fara duba abin da nake kallonsa da shi, kuma in daina jin kunyar cewa ban sani ba. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na Inna: in ka ga abin tsoro a jikin naka, faɗa za ka yi, ba gyara hoto ba. Faifan yana nan a shagona yanzu, Adda ta bar mini shi bayan rasuwar Inna. Duk sabon gilashin da na saya, shi nake fara ɗauka hoto.