Kwandansar da Na Sayo a Sakkwato

Ba na jin akwai ranar da zan manta da aiken da aka yi mini Sakkwato, shekarata ta farko ina koyar da fiziks a wata sakandare a Jega. Lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Kebbi ba, komai sai an je can.

Saura kwana uku ɗalibai su yi jarrabawar gwaji ta kemistiri, sai malamarsu, wata dattijuwa 'yar Kudancin Kaduna, ta tare ni ina shiga motar makaranta. Ta ce, "Malam, kwandansarmu ta fashe. Don Allah ka sayo mana."

Da na tambaye ta wace iri, da an huta. Amma ni da sabuwar takardar digiri, ina ganin tambaya faɗuwa ce. A karatuna, kwandansa ɗan abu ne mai ajiye cajin lantarki. Na je wurin mai gyaran rediyo na sayo biyu, na jefa aljihu.

A hanyar dawowa na nuna wa direbanmu. Ya dube su ya girgiza kai. "Malam, wagga ba kwandansa ba ta. Kwandansa cikin mota take, kusa da kwantak mai ba filogi wuta. Shekara ashirin ina canza ta."

Muka yi ta musu har Aliero, inda muka ɗauki wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini, muka sa shi alƙalanci. Ya ce duk mun kuskure, gilashi ne mai tara haske a ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyin cuta.

Da na zube wa malama sayayyata a tebur, ta yi dariya har da hawaye. Tata doguwar kwalba ce da ke sanyaya tururi ya koma ruwa. Ni kuwa gumi nake, don yara arba'in na jira, mota kuma ba za ta koma ba.

Ita ta fitar da mu. Muka kai wa maƙerin gwangwani garwar kananzir, ya huda gefe biyu, muka zura bututun gilashi, muka liƙe, muka cika ta da ruwan randa don ya sanyaya tururin da zai bi ta bututun. Ranar jarrabawa ina tsaye a baya lokacin da ɗigon farko ya faɗo, yara suka ɗauki alƙaluma.

Mu huɗu, babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Tun ranar, in aka ambaci kalmar da nake ganin na sani, sai na fara tambaya: a wane aiki?