Sugan da ke cikin tuwon Baba Zira

A layinmu na nan Mubi babu wanda bai san Baba Zira mai haƙan rijiya ba. Daga ƙauyen Betso ya sauko yana saurayi, da diga a kafaɗa da igiya a wuya, ya shekara talatin da wani abu yana huda ƙasar garin nan. A lokacin in za ka ɗauke shi aiki, kafin a yi maganar zurfi sai an yi maganar tuwo. Malmala biyar ta dawa, miyar yakuwa da gyaɗa, sannan ya shiga rami. In ya fito da la'asar cikin nan ya lafe kamar ba a zuba masa komai ba. Mutum kamar icen kirya, ko tsoka ɗaya ba ta banza.

Sai masu burtsatse suka zo da motarsu mai ƙara, abin da yake yi a wata biyu su gama kafin azahar. Diga ta koma bayan ɗaki. Baba Zira ya koma kan benci a gindin dalbejiya yana ba mu labarin rijiyoyi, wadda ya haƙa a Duvu, da wadda dutse ya kusa hana shi a Kwaja. Aiki ya tsaya, amma malmala biyar tana nan, don shi a ganinsa rage tuwo raini ne ga matarsa, Mama Salome. Tumbi ya fito har muna tambayarsa wata nawa.

Bara ya fara shan ruwa kamar raƙumi, fitsari kuma ba hutu. Sannan kara ya soke shi a babban yatsan ƙafa, ciwo ɗan mitsitsi, ya ƙi warkewa har ya fara wari. A asibitin unguwa wata nas mai suna Dijatu ta ɗiga jininsa a kan ɗan inji, ta ce suga ya yi masa yawa, in ba a yi da gaske ba ƙafar za a yanke.

Ya dawo gida yana yi wa Mama Salome faɗa. "Maman Eva, ashe suga kike zuba mini a kunu a ɓoye?"

"Ni? Ka taɓa sayo shi ka kawo gidan nan?"

Duk da haka ya kafa doka. Aka kori gwangwanin sugan baƙi zuwa gidan maƙwabta, ya daina ko gaisawa da mai shayi. Don ya samu ƙarfin yaƙar cutar kuwa sai ya ƙara malmala ɗaya, suka zama shida, da zuma a kunu tunda ita ba daga kanti ta fito ba.

Bayan sati biyu injin Dijatu ya nuna abin ya ƙaru.

"Baba, me kake ci?"

"'Yata, suga ko ƙwaya ɗaya. Tuwo kawai. Injin naki ne ya tsufa."

Ba ta yi musu da shi ba. Ta buɗe kwanon abincinta, ta gutsuro tuwon shinkafa babu miya, ta ce ya tauna kada ya haɗiye sai ta ba shi izini. Dattijo ya zauna yana tuƙa kamar akuya, Mama Salome da ta rako shi tana rufe baki da gyale. Can ya tsaya, ya ɗaga gira.

"Ya fara zaƙi-zaƙi."

"To ka ji shi. Tun daga baki yawu yake fara mayar da tuwo suga, hanji ya ƙarasa, ya tura shi cikin jini. Shi ne itacen da jiki yake hura wuta da shi. Da kana cikin rami, hannuwanka da bayanka suna ƙone shi tas. Yanzu ana ta jibga itace, murhu kuma ya yi sanyi. Akwai wani sinadari da jiki ke yi mai buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka, naka ya gaji. Sai sugan ya yi ta yawo a jini yana lalata jijiyoyi, shi ya sa ciwon ya ƙi rufewa."

Ba ƙafar ce ta fara zo wa Baba Zira a rai ba, dawar Betso ce, wadda uwarsa take niƙawa a dutse tana cewa ita ce ƙarfin namiji. Shekara saba'in yana yi mata biyayya.

"Wato dawa ta ci amanata."

"A'a Baba, kai ne ka ajiye diga ba ka gaya mata ba."

Ta ba shi magani da tsari: malmala ɗaya da rabi, miya ta fi tuwo yawa, zogale da rama, wake da ƙwai don su ne masu gina sabon nama a bakin ciwo, zuma kuma a bar wa jikoki. Satin farko ya yi ta huci kamar an yi masa fashi. Mama Salome, da shekara arba'in take tuƙa babbar tukunya, ta sauke ƙarama tana share ido wai hayaƙi ne. Da ciwon ya fara kamewa aka ce ya riƙa tafiya da safe cikin takalmi rufaffe. Na 'yarsa Eva kawai ya shige shi, mai ruwan hoda. Mu kuwa ba mu raga masa ba, kullum sai mun tambaye shi ranar da za a kawo masa lefe.

Wata huɗu aka yi ana wanke ciwon ana ɗaurewa. Ranar da Dijatu ta kwance bandeji na ƙarshe, farcen ya tafi, amma yatsa da ƙafa suna nan. Ya motsa yatsan sau uku yana kallonsa, sannan ya rage murya.

"'Yata, ranar Kirsimeti fa? Ko uku?"

"Biyu," in ji Mama Salome daga bakin ƙofa. "Kuma ni zan malmala su."