Tsarabar Mama Pilar daga Malaga

Ina cikin yanka alayyafo jiya da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama Pilar ce, dattijuwar nan 'yar Sifen da muke maƙwabtaka a unguwar Cheras, nan Malesiya. Ta dawo daga garinsu Malaga, tana ɗingishi.

Ranar tafiyarta na ce mata, "A yo mana tsaraba." Kun san mu, faɗa kawai muke yi. Ashe ita ta riƙe.

Ta miƙo min zabibi da ambulan cike da hotuna: tsohuwar ganuwa a kan tudu, bishiyoyin lemo a ciki, jiragen ruwa can ƙasa a bakin teku.

"Ganuwar Alkazaba ke nan, Musulmin Andalus suka gina ta," in ji ta. "Kin taɓa ce min kin karanta labarin Andalus a Islamiyya, kina son gani."

Na ce, "Mama, da wannan gwiwar kika hau?"

Ta yi dariya. "A garin aka haife ni, amma ban taɓa shiga ba sai da kika aike ni."

Wallahi ni ban san na yi aike ba. Allah Ya ba ƙafar nan lafiya.

Ku fa, wa ya taɓa hawa tudu saboda maganar da ku kanku kun manta kun yi?