Kisan da Tafinta Ya Fassara

Masu shirya dambe, wa ya ba ku izinin jefa 'yan damben ƙauyenmu ƙarshen sahu, wai ba mu da 'yan kallo?

Jiya a filin damben Kiyawa na nufi gefenmu da kullum yake wayam, wani tsoho ya riƙo rigata.

"Yaro, kada ka taka mutane."

"Baba, waɗanne mutane?"

Ya ce farkon zuwan Turawa, makaɗi ya wasa gwaninmu, wai ya kashe maza, wato ya kayar da su. Tafinta ya faɗa wa Bature kisan gaske ne, aka kama gwanin aka tafi da shi. "Magoya bayansa suka rantse ba za su tashi ba sai ya dawo."

Ana buga kalangu, wallahi na ji shewa daga wurin, kuma babu kowa.

Wanda ya san inda aka kai gwanin namu ya fito nan ya faɗa. Mutane suna jira.