Shanuna, Fuskar Haladu

Jama'a, wannan ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ina noma a Balan ta ƙasar Gaya, sai ga mutanen gwamnati da na'urar ɗaukar hoto, wai za su yi majigi a kan noman gyaɗa da garmar shanu. Duk Balan ni kaɗai nake da shanun huɗa, bijimai biyu farare da na yi kiwonsu tun suna maruƙa, sai babban mutanen gwamnatin ya dube ni, ya dubi abokina Haladu da ya zo kallo kawai, ya ce dogon nan ya fi dacewa. Ni gajere ne, ga cindo a hannun dama. Haladu fa ko riƙon garma bai iya ba, ni na tsaya can gefe ina gaya masa yadda zai yi.

Da majigin ya fito, daga Kademi har Ajingi ba ka jin komai sai "shanun Haladu". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye muku ba, duk garin da motar majigi ta sauka sai na taka keke na je na kalla ina cizon yatsa, har na haddace shi tsaf. Shi kuwa dariya yake, ya ce, "Abokina, wata rana zan ba ka garmarka."

Bai ba ni ba, zazzaɓi ya ɗauke shi wata damina, Allah ya jiƙansa.

Bayan shekaru, lokacin mulkin soja, aka ce motar ta zo Toranke da tsofaffin finafinai. Mahaifiyarsa, Inna Talatu, ta aiko a kira ni, ta ce, "Ɗan nan, kai ni in ga Haladu, ba ni da hotonsa ko ɗaya." Na aro jaki na kai ta. Mai majigin ya buɗe gwangwanin fim ɗin Haladu, wani wari mai tsami ya taso, ya ce zafin ɗakin ajiya ya ci fim ɗin, shi kaɗai ne kwafin da ya rage, kuma da wuya ya sake juyawa bayan yau.

Bayan isha'i aka haska. Ga shanuna nan, ga Haladu, Inna tana kuka a hankali, ni kuwa ko a lokacin zuciyata cewa take ai wurina ne. To, a inda na sani Haladu yana kaiwa ƙarshen kunyar gona ya juya, sai bai juya ba. Ya tsaya, ya waiwayo yana murmushi, ya saki garmar, sai wani hannu ya shigo daga gefe ya kama ta. Hannun dama, da cindo.

Inna ta dafa ni ta ce, "Ka ga, ya cika maka alkawari."

Nan take hoton ya narke, majigin ya yi fari fat. Na rantse ban taɓa garmar nan ba ranar ɗauka, mai majigin ma ya ce ya haska shi ba adadi bai taɓa ganin wurin ba. Ya miƙa wa Inna gwangwanin, ita kuma ta bar mini shi da za ta rasu.

Shawarata, in kuna da irin wannan a gida, ku raba shi da zafi, ku kai wa masu adana tarihi tun mutanen ciki ba su narke ba. Nawa ma na yarda su ɗauka, amma kada a kira ni kallo. Hannu kawai ya shigo, ban san abin da ya biyo baya ba, kuma ni da na yi shekaru ina kishin a gan ni a majigi, tun daga ranar ban sake yarda an ɗauke ni hoto ba.